Diskin Dassin

Nazifi na kwance sukurori na ƙarshe daga bayan ordinatar, wato kwamfuta, sai turnabis ya suɓuce masa, ya gangara har gaban takalmin Dassin. Ta sunkuya ta ɗauko, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ya yi godiya da wata murya da shi kansa bai san tasa ba ce.

Tun shekarar da ya baro Damagaram ya buɗe wannan ɗan shago kusa da inda motocin ma'aikatan ma'adinai ke tsayawa, Dassin ke kawo masa gyara. Tana aiki a wani ƙaramin gidan rediyo na unguwa, tana bin tsofaffin mata har Gugaram tana naɗar waƙoƙinsu. Duk zuwanta takan ajiye na'ura ta tafi, ta dawo ta ɗauka. Shi kuwa yakan shirya zance tun daga gida, zance mai kyau irin na littattafai, amma da ta tsaya a ƙofa sai komai ya bi iska. Yau kuma ta zo da labarin da ya sa gumi ya karyo masa: ta samu aiki a Agadas, gobe da safe za ta shiga mota. Idan bai yi magana yau ba, to ya sha ruwa ya haƙura.

Buƙatarta ɗaya ce. Diskin da ke ajiye komai a cikin ordinatar ɗinta ya tsufa, yana nauyi, ta sayo sabo. Tana son a kwashe komai yadda yake, ba waƙoƙin kaɗai ba, har da harufan Tifinag na yarensu da ta sha wuya kafin ta saita su, da yadda ta jera kayanta a fuskar na'urar. Ta ce tana son idan ta kunna a Agadas ta ji kamar ɗakinta ta shiga.

Nazifi ya ce a ba shi minti kaɗan ya ɗauko kile, ɗan abin da ake sokawa a na'ura a ɗora mata manhaja, ya leƙa waje. Halidu mai shayi, mutumin Tawa da ya kafa teburinsa jikin bangon shagon, ya riga ya ji komai, domin kunnensa ya fi butarsa aiki. Ya san manhajojin nan biyu da Nazifi ke kwafe diski da su, don ya sha jin ana yi wa mutane bayani: ɗaya mai sauri, ɗaya mai nawa kamar raƙumin da ya ƙoshi.

"Mi kake jira, ɗan Damagaram?" ya raɗa masa. "Sa mata mai nawar. Allah ya kawo maka tsuntsu har cikin ɗaki, kana neman buɗe taga."

Nazifi ya ce wannan ai yaudara ce. Halidu ya ce in dai haka ne, shi ma da yake rage wuta don masu saye su daɗe suna hira mayaudari ne, kuma bai ga wanda ya kai shi ƙara ba.

Ya koma ciki da kile biyu a tafin hannunsa, kowanne da manhajarsa, zuciyarsa na cewa ya bi ta Halidu. Wa zai sani? Yini guda cur, ita a kujera, shi a gefe, har harshensa ya samu ya warware. Sai ya ɗaga kai ya ga yadda ta ɗora hannu a kan tsohon diskin kamar mai lallashin jariri, ya tuna da muryoyin tsofaffin da ke ciki, waɗanda wasunsu sun riga sun kwanta dama. Ya ji ba zai iya fara komai da ita a kan ƙarya ba, ko da ƙaramar ƙarya ce mai ɗanɗanon sukari.

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Manhaja ta farko tana ɗaukar wuraren da ke da kaya ne kawai, ta tsallake fili, kafin a kira la'asar an gama. Ta biyu tana bin diskin taku-taku, har inda babu komai sai ta kwafa, kuma ba za ta ƙare ba sai rana ta faɗi, in kuran, wato lantarki, bai yanke ba. Dukansu za su mayar mata da ɗakinta yadda ta bar shi.

"Gaskiya, Malama Dassin, mai saurin ta ishe ki," ya ce, yana jin kamar da hannunsa yake sayen tikitin tafiyarta. "Na san kina da haɗa kaya."

Daga waje Halidu ya buga murfin buta da ƙarfi, alamar ya yanke ƙauna da wannan yaro.

Dassin ta dubi kile biyun. Ta tambaya ko da gaske ta biyun har wurin da babu komai take bi. Ya ce har nan. Sai ta ce a wajen mutanensu makiyaya, idan za a tashi daga zango, bayan an ɗaure kaya a kan jakuna, mata sukan koma su bi wurin da tanti ya tsaya a hankali, su tona har tokar murhu. Sau da yawa ba a samun ko allura. Amma matar da ta tashi ba ta yi haka ba, akan ce ba ta so wurin ba.

Ta sa yatsa ta turo masa kile na biyu.

"Wannan nake so, Malam Nazifi. Kayana na ɗaure tun jiya."

Ya soka kilen sau biyu a juye kafin ya shiga. Fuskar na'urar ta yi shuɗi, wani siririn layi ya fara tafiya kamar ba ya so. Dassin ta cire takalmi, ta naɗe ƙafafu a kan kujera, ta gyara lulluɓinta, sannan ta ɗaga murya ta kira Halidu, ta ce a ɗora shayi, na farko da na biyu da na uku, yadda ake yi wa mai zama.

Halidu ya shigo da ɗan murhunsa yana fifita gawayi da kwali, bakinsa har kunne.

"Rage wutar, Baba Halidu," in ji ta. Ta juyo ta dubi Nazifi ido cikin ido, karo na farko. "To, ina jinka."