Kwalba Huɗu a Talabijin Marar Launi

A daminar shekarar 1979 aka aiko wa Jika, mai gyaran rediyo da talabijin a Gada Biyu, cewa ana nemansa a Naraguta, gidan Malam Dantong mai koyar da lissafi. Talabijin ɗinsa ce launi ya ɗauke mata, komai ya koma fari da baƙi. Jika ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke, ya isa da hantsi.

Abin da ya tarar a falon bai taɓa ganin irinsa ba. An jona talabijin da wani inji mai kama da tafireta, wanda Dantong ya zo da shi daga Amurka, wai shi kwamfuta. A fuskar talabijin kuwa ga wani ɗan mutum bai fi ƙwayar gyaɗa ba, tsaye a cikin ɗaki, an rubuta 60 a gefensa.

Dantong ya ce, "Wannan Barde ne. Wasa ne, ni nake tafiyar da shi da maɓallan nan, yana shiga kogo yana yaƙi da dodanni. Wata bakwai ina renonsa. Lambar nan ƙarfin ransa ce, in ta kai sifiri ya mutu. Kullum a kaset nake adana shi, to jiya rikoda ta cinye kaset ɗin. Yanzu babu shi ko'ina a duniya sai cikin injin nan. Zan shiga gari in aro wata rikodar. Ka duba talabijin, amma injin nan, Malam Jika, don Allah ko ƙurarsa kada ka share."

"Amana ce, Oga. Je ka ka dawo."

Motar Dantong ta tashi. Jika ya buɗe akwatinsa, amma idonsa ya ƙi barin ɗan mutumin. Shi dama mutum ne mai hira da kayan gyara, yakan yi wa rediyo sannu in ya buɗe cikinta. Sai ya lura akwai gado a kusurwar ɗakin, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce a ransa, bawan Allah ya kwana a tsaye, ga gado taku uku kacal? Ya waiga, ba kowa. Ya ɗora yatsa a maɓallin da aka zana wa kibiya.

Yatsan Jika kauri gare shi, kuma ya daɗe bai ɗaga ba. Barde ya wuce gadon, ya fice ta ƙofa, ya faɗa cikin ciyawa. Wani abu kamar zare ya taso ya taɓa shi ya ɓace. Injin ya yi ƙara, wata kalma ta fara walƙiya. Lamba ta koma 57.

Cordelia, matar Dantong, ma'aikaciyar jinya ce, ranar tana hutu. Ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Baba Jika, me ka taɓa?"

"Madam, karanta min wancan rubutun."

Ta matso, ta karanta, ta dafe ƙirji. "Dafi! Maciji ya sare shi. Wayyo, mutumin nan ko abinci ba ya ci saboda abin nan, kai kuma ka kashe masa!"

"Bai mutu ba tukuna. Kada ki taɓa komai."

Jika a ruga ya tashi, cikin shanu, kuma ya ga saran maciji ba ɗaya ba ba biyu ba. Abin da ya sani shi ne wanda aka sara ba ya motsi, don tafiya ita ke zaga dafi a jiki. Ya janye hannuwansa ya rungume su, ya ce a bar Barde ya tsaya cik. Suka zuba ido. Numfashi goma, lamba ta koma 54. Wani goman, 51. Sai 48.

Cordelia ta ce, "Tsayuwarka ba ta aiki, Baba."

Gumi ya keto masa. Wannan dafin da tafiya da tsayuwa duk ɗaya ne a wurinsa, lokaci kawai yake ci.

Cordelia ta birkice takardun kan tebur har ta samo littafin da mijinta yake rubuta sirrin wasan. Ta riƙa bi da yatsa tana juyawa da Hausa. "Dafi, a sha koriyar kwalba. Sauran ukun na jifan dodanni ne, kada a sha. Rawaya barci, ja makanta, shuɗiya ruɗewa." Ta danna harafin da littafin ya ce yana buɗe jaka. Kwalabe huɗu suka bayyana a jere, da 'yar alama a ƙarƙashinsu wadda ake zaɓe da ita.

Duk huɗun toka-toka ne.

"Gyara launin mana! Ba shi ya kawo ka ba?"

"Sai na kashe ta na buɗe bayanta, Madam. Rabin awa ne in an yi sa'a."

Lamba tana 36. Cordelia ta ajiye ludayi ta ce, "Maganin ganye duhu gare shi, wannan kam na sani." Kafin Jika ya buɗe baki ta kai alama kan wadda ta fi duhu, ta danna. Kwalbar ta ɓace. Barde ya fara juyi a wuri ɗaya kamar tunkiya mai ciwon kai, wata kalma ta ƙaru a ƙarƙashin ta farko.

Muryarta ta yi ƙasa. "Ruɗewa. Shuɗiya na ba shi."

27. Saura kwalba uku. In suka ba shi rawaya zai yi barci dafi ya ƙarasa shi, in ja ce fuskar talabijin za ta yi baƙi ƙirin, ba za su ƙara ganin komai ba.

Jika ya durƙusa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Shekara huɗu ke nan, kullum da la'asar kafin tashar talabijin ta buɗe, ana nuna sandunan launi a tsaye, shi kuwa da su yake daidaita talabijin fari da baƙi a shagonsa. Ya san yadda kowane launi yake komawa in an zare masa rini. Rawaya ta fi haske, kore na bin ta, ja ya fi su duhu, shuɗi ne na ƙarshe kafin baƙi. Ga shi kuwa wadda ta fi duhu ta fito shuɗiya.

Ya ce, "Ta tsakiya a haske. Ita ce koriya."

"Wacce ce ta tsakiya? Biyun nan iri ɗaya ne!"

Gaskiyarta, ta hagu da ta dama kamar tagwaye. 18. Jika ya kama makunnin da ke bambanta haske da duhu, ya murɗa a hankali, a hankali, yana riƙe numfashi. Ta hagu ta yi fari tas. Ta dama ta tsaya a tokarta. Wadda ke tsakaninsu ta nutse cikin duhu.

"Ta dama."

Ya danna kibiyar dama, alama ta tafi hagu. Ruɗewar Barde ta kai har maɓalli. 12. Ya danna ta hagu, alama ta dawo, ta tsaya kan ja. Ya sake danna ta hagu, sau ɗaya tak, ya ɗage yatsa kamar ya taɓa garwashi. Alama ta hau kan ta dama. 9.

Cordelia ta rufe ido tana kiran sunan Allah. Jika ya yi bisimilla ya danna.

6.

Suka ƙirga numfashi goma. Suka ƙara goma. Kalmar farko ta daina walƙiya, ta goge. Lamba ta tsaya a 6.

Ba su ko miƙe ba suka ji tsayuwar mota. Dantong ya shigo da rikoda a hammata, ya dubi talabijin, ya dubi su biyun. Jika ya cire hularsa ya faɗi duk abin da ya faru, bai rage komai ba, sai dai shuɗiyar kwalba ya ce "muka ba shi".

Dantong ya zauna, ya jira juyin Barde ya lafa, ya taka da shi taku ɗaya-ɗaya har cikin ɗaki. Ya jona rikoda. Kaset ya yi ta tsuwa minti huɗu, ba wanda ya yi tari. Da ya tsaya, Dantong ya zare shi ya sa a aljihun gaba.

Ya ce, "Wata biyu na yi a kogo kafin in sami koriyar kwalbar nan. Babu wata."

"Na ci amana, Oga. In ka ce in tattara kayana, yanzu zan tattara."

Dantong ya dubi lamba shida, hannunsa dafe da aljihu. Can ya ja dogon numfashi.

"Kashe talabijin ka yi aikin da ya kawo ka, Malam Jika. Cordelia, kawo zane a lulluɓe injin nan tukuna."