Ƙafar Baba Direba

Baba Direba ya iso ƙofar shago a hankali, da gilasan taga a bayan a-kori-kura. Da ya taka birki, sai birkin ya hau karkarwa ƙarƙashin ƙafarsa yana gurnani. Motar ba ta tsaya ba sai da ta daki ginshiƙi, gilasan suka tarwatse.

Tun makon jiya bakanike ya shaida wa mai shagon cewa na'urar da ke hana tayoyi cijewa ta lalace, tana kama aiki ba dalili. Mai shagon bai gyara ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Dama ƙanin matarsa ya daɗe yana kwaɗayin tuƙin motar.

"Maigida, wallahi birkin ne ya yi rawa," in ji Baba.

"Birki ko ƙafarka? Tsufa ba laifi ba ne, Baba, ƙarya ce laifi."

Mai shagon ya sa aka cika kofi da ruwa, ya ce Baba ya riƙe shi, ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaban ma'aikata. Dattijon, wanda firgici bai sake shi ba, ya yi biyayya. Ruwan ya zube masa a riga.

"Baba, ƙafarka ce ke neman bakanike!" in ji wani ɗan dako. Aka kwashe da dariya. Bakaniken yana gefe, ya sunkuyar da kai yana goge hannu.

Baba ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Ashe ni ne," ya ce. "Alhamdu lillahi da ban taka ɗan kowa ba."

Ya miƙa makullin da hannu biyu, ya roƙi maigidan gafara.