Jinjinar Maikano

Maikano na Guci, agana ce ta ɗauke masa ido tun yana saurayi, daga baya kuturta ta bi ta kwashe yatsun, ta bar masa dungu. Makaho da sanda yake tafiya, to shi da me zai riƙe ta? Ko bayan gida za shi, sai matarsa Ɗela ta ja shi da bakin riga, abin da ke ci masa rai fiye da makantar kanta.

Illo baduku ne ya yi dabara. Ya ɗinka kube na fatar akuya daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ya zura sandar gora ciki, ya sa igiyoyin ɗauri. Da safe Ɗela ta ɗaura masa, sai za a kwanta ta kwance. Kai, zo ka ga yawo! Gidan suna, gidan makoki, har inda ba a gayyace shi ba.

Ran wata kasuwa kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya zo rangadi daga Magarya a kan doki. Gardinsa, wato dogarinsa mai jar hula, ya yi shela kowa ya ajiye sanda ya gaida Nasara. Sanduna suka zube ƙasa. Maikano, bawan Allah mai ladabi, da ya ji kofaton doki dab da shi, sai ya ɗaga hannun dama ya yi jinjina yadda ake yi wa manya. Sanda ta tashi ta zunguri hancin doki. Doki ya yi tsaye kan ƙafafun baya, kumandan ya faɗo tim kan tulin gyaɗa.

Gardi ya yi ta fizgar sandar ta ƙi fita, don Illo ba ya algus a aiki. Sai da aka sa wuƙa aka yanke kuben. Da kumandan ya ga makaho ne, ya ce a ƙyale shi, amma a kawo wanda ya ɗinka masa makami. Kafin gardi ya kai rumfar dukawa, Illo ya kama hanyar tsallake iyaka zuwa ƙasar Ingilishi.

Daga ranar Maikano ya zama gwarzo. Mazan nan da suka zubar da sandunansu su ne ke cika masa zaure, suna yi masa kirarin mai ka da Nasara. Ya roƙi dukawa ɗaya bayan ɗaya su ɗinka masa wani kuben. Kowanne sai ya yabe shi tukuna, sannan ya ce fata ta yi wuya bana.

Rannan zaure cike da masu yabo, bayan gida ya matsa masa, ya daure, ya daure, har ya kasa. Ya juya wajen ƙofar cikin gida.

"Ɗela," ya ce a hankali, "zo ki kai ni baya."