Rigar ulun Frau Rehbein

Ina tsaka da ba wa maƙwabciyata Frau Rehbein, wato matar Rehbein, labarin 'yar mai burodi da ɗan sandan nan, sai masu busa na jirgin ruwan da muke ciki suka yi tsit. Hayaƙi baƙi ƙirin ya taso daga goshin jirgin ruwan. Cocinmu na Jamusawan New York ne ya ɗauko hayarsa don fita shan iska ta shekara. Kusan duk mata ne da yara, mazan suna wurin aiki tunda Laraba ce.

Na wawuro rigar ceto, ta ruguje a hannuna, abin cikinta yana zuba kamar gari. Katakon daɓen jirgin ya fara gasa min tafin ƙafa. Uwaye na ta jefa 'ya'yansu a kogi.

Ban iya iyo ba, amma shekara arba'in ina wankau, na san nauyin jiƙaƙƙen ulu. Na hau tuɓewa. Ita kuma tana tsaye ƙyam cikin rigar ulunta ta zuwa coci, da siket uku a ciki. Shekara ashirin muna bene ɗaya, ko idon sawunta ban taɓa gani ba.

"Frau Zöllner, akwai maza fa," in ji ta.

"Tuɓe, Ottilie." Ban taɓa kiran sunanta ba sai ranar.

"Na san bakinki. Kafin Lahadi duk unguwa ta ji."

Na rantse mata da kabarin mijina ba mai ji. Ta dube ni, ta kai hannu wuyanta, ta taɓa maɓalli na farko, ta sake dubana. Sai ta sauke hannun. Nan shingen gefen jirgin da ke bayanmu ya karye, muka faɗa kogi.

Wani mai kwalekwale ya jawo ni ta gashi, daga ni sai 'yar shimi. Ko kallona bai yi ba.

Washegari na same ta cikin gawarwakin da aka jera a bakin ruwa, maɓallanta a ɗaure har wuya. Siket ɗin ya tattare zuwa gwiwa, ga maza suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na neman nasa. Na durƙusa na ja shi ƙasa da hannu biyu, don har lokacin bai bushe ba, na rufe mata ƙafafu. Na zauna a gefenta na danne bakin rigar, saboda iska.