Faifan da Ya Rage

Ranar da babbar 'yar wani bakanike ta kafa akwatin nan a kan kabad ɗin falo, ta ja masa kunne: duk ranar da ya ji yana kuka, ya ga koriyar fitilarsa ta koma ja, to wani abu a ciki ya kama hanyar mutuwa. Yau da safe akwatin ya fara kuka. 'Yar ƙara ce siririya kamar ta ɗan tsako, amma ta sa bakaniken ya ajiye kofin shayinsa bai kurɓa ba.

Akwatin bai fi batirin mota girma ba. Faifan ajiya biyu ne a cikinsa, kowanne ɗauke da abin da ɗan'uwansa ke ɗauke da shi, kuma nan aka tara hotuna da bidiyon gidan kaf. Mafi yawansu na marigayiya matarsa ne. Auta ba ta isa shiga makaranta ba uwar ta rasu, a akwatin nan ta san muryarta. Kullum kafin ta fita sai ta buɗe bidiyo guda a talabijin: uwar na yi mata kitso, tana yi wa mai ɗaukar hoton faɗa, wai ya matsa, ya tare mata haske. Yau ma ta zo da jaka a baya. Ya ce mata akwatin ba ya jin daɗi, ta bari sai ta dawo.

Ya kira babbar 'yar, wadda yake tsokana da Injiniya tun da ta samu aiki a wani gari. Ba ta ɗauka ba. Ta turo saƙo cewa tana taro, ta duba ta wayarta, faifan dama ne ya gaza. Ta haɗa da hoton irin wanda zai saya, ta ce ya jira ta.

Ya bar gareji a hannun abokin aikinsa, ya hau bas zuwa kasuwa. Mai shagon kwamfuta ya kalli hoton, ya tambaye shi guda nawa. Bai ko yi tunani ba ya ce biyu. A sana'arsa ba a canja wa mota shokozoban gefe ɗaya a bar ɗayan, abin da aka ɗaura tare, tare yake gajiya. Mai shagon ya yi dariya, ya ce da kowa irinsa ne da tuni ya hau bene.

Jiran ne ya gagare shi. So yake Auta ta dawo ta tarar da komai ya daidaita. Ya kashe akwatin, ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan tebur, ya zaro tsofaffin faifan duka biyu, ya kwance su daga mazauninsu. Ya ɗaure sababbin, ya tura su har suka ce ƙyas. Ya tsaya yana goge hannu, yana jin daɗin aikinsa. Yatsansa na kan makunni wayar ta yi ƙara.

Injiniya ce, ta bidiyo. Ya juya mata wayar don ta ga bajinta. Tana gani ta dakatar da shi.

"Baba, ɗauke hannunka daga wurin. Kada ka kunna."

A hankali ta yi masa bayani, irin yadda shi yake yi wa mai motar da injinta ya buga. Sababbin nan babu komai a cikinsu. Ɗaya ake canjawa, a bar tsohon mai lafiya ya juye wa sabon duk abin da ya sani. Sai ya gama, a sallame shi, a sa na biyun. Ta tambaye shi ko ya san wanne ne na hagu a cikin biyun da ke kan tebur, domin kamarsu ɗaya.

Ya dubi tsumman. Hannunsa ya yi abin da ya saba ba tare da ya sa shi ba: na hagu a hagu, na dama a dama, kowanne da ƙusoshinsa a gabansa. Ya faɗa mata. Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce yau dai gareji ya yi rana. Ya ce to ita fa, wa ya aike ta ta yi ta taro alhali ubanta na fiɗa shi kaɗai?

Ya mayar da tsohon na hagu, ya bar sabo ɗaya a dama, ya kunna. Kukan ya tsaya. Fitilar ta koma ruwan lemo tana ƙyaftawa. Injiniya ta danna abin da za ta danna daga can, ta ce an fara juyewa, kuma zai ɗauki lokaci, wataƙila har gobe. Ya haɗa akwatin da inbata mai jawo wuta daga batirin mota, kada a ɗauke wuta ana tsaka da aiki.

Sannan ta faɗi abin da ta so ɓoyewa. Zatonsa na gareji ba kuskure ba ne duka. Rana ɗaya aka sayi faifan nan biyu, tsufansu ɗaya, kuma wannan juyewar ita ce aiki mafi nauyi da na hagu zai taɓa yi. Wasu a nan suke sarewa. Tana da 'yan hotuna a wayarta, amma bidiyon kitson babu shi a ko'ina sai nan.

Ya jawo kujera kusa da kabad ya zauna.

Haka Auta ta same shi da yamma. Ta tsaya tana kallon fitilar, jakar ma ba ta sauke ba.

"Baba, Umma tana ciki har yanzu?"

"Tana ciki. Ƙaura ake yi mata zuwa sabon ɗaki."

"Wa yake kwashe mata kayan?"

"Wannan tsohon," in ji shi, ya nuna na hagu. "Shi kaɗai ya rage, shi ya sa yake tafiya a hankali."

Ta ce to a bar shi ya huta mana. Ya ce ba yanzu ba, sai ya miƙa wa sabon komai tukuna.

Ya ɗauko dogon sukundireba, ya ɗora bakinsa a jikin akwatin a hankali, ya kara mariƙin a kunne, kamar yadda yake sauraron inji. Ya ji gurnani ƙasa-ƙasa, da wani ɗan ƙas-ƙas da ke zuwa yana wucewa. Da mota ce, da tuni ya faɗi ciwonta. Auta ta ce ita ma za ta ji. Ya sunkuya ya kara mata, ya riƙe mata ƙarfen kada ya zame. Ta rufe ido, ta daɗe, sannan ta ce yana numfashi.

Injiniya ta turo saƙo cewa an kusa rabi. Ko tsohon faifan zai kai ƙarshe, ita ba ta sani ba, shi ma bai sani ba.