Faifan Keken Sahabi

Daminar 1998 ce, lokacin da zabi suke ta zuba ƙwai. Matan Kucheri sun saba tara nasu su ba Sahabi, ya kai wa masu shayi a Gusau a kan keke. Sau biyu a watan nan birkinsa ya ƙi kamawa a gangaren rafi bayan ruwa, kwando ya kife. Inna Indo, wadda ke magana da bakin sauran matan, ta ce masa in bai nuna mata ya iya tsayawa a laka ba, Bashar mai babur daga Bungudu zai karɓi aikin.

Ana cikin haka yayansa ya aiko masa da keken hawan dutse na gwanjo daga Kwatano. Ƙafar baya tana da birkin roba irin wanda kowa ya sani, mai matse bakin ƙafa. A ta gaba kuwa wani faifan ƙarfe ne mai huji-huji a tsakiya, kamar murfin langa, shi birkin ke kamawa.

Sahabi ya tura shi rumfar Mannir mai gyaran keke a Tsafe. Kafin a ce me, mutane sun cika wurin.

"Wanga abu ado ne," in ji Mannir, yana juya ƙafar. "Ranar da ya cinye, ina za ka samu wani? Roba kuwa ko tsohuwar taya na yanka maka, ka hau. Bari in cire shi in canza maka gaban."

"Malam Mannir, roba ce ta kifar da ni har sau biyu."

"Roba ko hannunka?"

Aka yi dariya. Sahabi ya bar keken ya tafi ɗauko Inna Indo, don a gwada a gabanta.

Da la'asar aka taru a wani gangare bayan gari, inda ruwan safe ya bar kududdufi a ƙasa. Mannir ya ja layi da sanda taku goma kafin ruwan. Aka jiƙa ƙafafun biyu da laka. Inna Indo ta zauna a kan dutse da ƙwarya mai ƙwai goma sha biyu a cinyarta, ta ce ba za a ɗaura su ba sai ta gani da idonta.

Da farko aka gwada na baya kaɗai. Sahabi ya gangaro, ya matse, robar ta yi ta shafar laka tana gurnani. Ya wuce layin da taku huɗu kafin ya tsaya.

"Ai ya tsaya!" Mannir ya ɗaga murya. "To mu ga murfin langa."

Sahabi ya koma sama, ya taho da gudu, ya matse na gaba. Ko alamar kamu babu. Ya ratsa layin, ya faɗa kududdufin har gwiwa, ruwa ya fallatsa wa na kusa. Ihu ya tashi.

"Sahabi, wanka ka zo yi?"

"A kawo mishi soso!"

Inna Indo ta rufe ƙwaryarta, ta miƙe. Mannir ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya shafa faifan da yatsa, ya duba yatsan, ya daɗe yana dubawa.

"Inna, dakata," ya ce. "Laifina ne. Duk keken da ya shigo rumfata, inda na ji yana kuka sai in ɗiga mishi baƙin mai. Wanga faifai ya yi mini ƙara ɗazu, na ɗiga mishi."

"Kai da ke neman a cire shi, kai ne kuma ke kare shi?"

"In zai faɗi, ya faɗi da kansa. Ba da maina ba."

Ya aika aka kawo fetur a kwalba da toka daga wurin mai ƙosai. Ya wanke faifan da su, ya kwance 'yan ƙananan abubuwan nan biyu da ke matse shi, ya goga su a kan dutse har suka yi fari, ya mayar. Sannan ya ɗebo laka da hannunsa ya shafe bakin ƙafar duka.

Sahabi ya sake gangarowa. Da ya matse, keken ya cije wuri guda, ƙafar baya ta ɗaga sama, saura kaɗan ya tashi ta kan kan keken. Taku uku ya rage kafin layin.

"Ya kama! Wallahi ya kama!" in ji 'yan kallo.

Mannir ya zagaya yana kallo, yana tafa hannu. "Laka ba ta kai gare shi, shi ya sa! Yana can tsakiya, ita tana baki. Amma ɗan'uwa, da yatsa biyu za ka taɓa shi, ka haɗa da na baya, in ba haka ba kai da ƙwan ku tashi tare."

Inna Indo ta matso, ta ɗaura ƙwaryar a bayan keken da ɗankwalinta. Sahabi ya hau, ya gangaro. Ya tsaya a hankali daidai kan layin. Ta kwance ɗaurin, ta ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana dubawa a hasken rana.

"Gobe da sassafe ka zo," ta ce. "Ƙwan maƙwabciyata Hussaina ma sun taru."