Shuwakar Kaka Ta Yi Fure

A tsakar gidan Zakiya, a unguwar Madain Fahd ta Jidda, akwai rabin ganga mai shuɗin fenti, a cikinta kuma wani ɗan itace da ya kai kafaɗar mutum. Kowa a gidan ya san tarihinsa. Shuwaka ce, kakar Zakiya ta zo da irinta daga ƙasar Zamfara, ƙulle a bakin zane, a tafiyar hajji da ta ci shekara uku. Tun da tsohuwar ta rasu ba a ƙara yin miya da ganyen ba. Ana dai ba shi ruwa, ana kuma bin dokar da ta bari: duk kan fure da ya leƙo a tsinke shi, don ƙarfin ya koma ganye.

Zakiya tana da shekara hamsin da takwas. A Jidda aka haife ta, ba ta taɓa zuwa Najeriya ba. 'Yarta Nuf tana auren Usama, ɗan Gusau mai aikin gwajin jini a wani asibiti, saura mata wata ɗaya ta haihu. Mahaifiyar Usama, Hajiya Kulu, za ta zo zaman jego, ta kuma tambaya a waya ko ta taho da busasshiyar shuwaka, tunda miyarta ke kawo wa mai jego ruwan nono.

"Kar ki wahalar da kanki," in ji Zakiya. "Muna da ɗanya a gida, ta asali, tun ta kakata."

Ta maimaita wannan a waya sau uku cikin mako guda.

Ranar Juma'a Ya'u ya kawo gadon jariri a motar aikinsa. Abokin Usama ne tun daga Gusau, ya karanta ilimin tsirrai, yanzu yana kula da lambunan manyan gidaje a unguwar Abhur. Ya ajiye gadon, ya sha shayi, sai ya tsaya gaban gangar.

"Khala, wannan mene ne?" ya tambaya, yana kiranta inna da Larabci.

"Kai da ka zo daga can kake tambayata? Shuwaka ce mana, ya muhandis, babban injiniya."

Ya'u ya tsinki ganye, ya murza, ya sansana, ya ɗan tauna.

"Ganyen shuwaka yana da ɗan wuya tsakaninsa da reshe. Wannan ya rungumi reshen kai tsaye. Yana danƙo a hannu, yana ƙamshi. Ga shi na tauna ban yamutsa fuska ba."

"Iskar Jidda ce. Mu ma da muka zauna nan ai mun canza."

"Zai yiwu. Wane irin fure yake yi?"

Zakiya ta dubi Nuf, Nuf ta dubi gangar. Ba wanda ya taɓa gani.

Ya'u ya ce dangin shuwaka suna da yawa, har tazargade da latas duk gida ɗaya ne, kuma ganye yana ruɗin mutum. Fure ne ke raba gardama. Na shuwaka fari ne. A bar reshe ɗaya mako uku, a gani.

"Halas, shi ke nan," in ji Zakiya. "Don in kunyata ka."

Ta ɗaura jan zare a reshe ɗaya. Sau biyu hannunta ya kai can da safe zai tsinke kan fure kafin ta tuna. A rana ta goma sha tara reshen ya yi fure, ƙananan kawuna a cunkushe, ruwan hoda.

Ya'u ya dawo da gilashin ƙara girma. Ya fasa kai ɗaya da farce, ya nuna mata cewa abin da take gani fure guda tarin furanni ne, sirara kamar zare a gefe, 'yan kaɗan masu kauri a tsakiya.

"Larabawa suna ce masa barnuf," in ji shi. "Bakin magudanar ruwa yake fitowa. Ma'aikatana suna tuge cikin mota guda duk mako a Abhur."

"Ciyawa ke nan."

"Mai dangi dai. Irinsa yana da gashi, iska ke yawo da shi. Khala, itacen nan ya taɓa mutuwa?"

Shekarar ambaliya, in ji Zakiya, shekara goma sha biyar ke nan, ruwa ya kwana huɗu a tsakar gidan, itacen ya ruɓe har ƙasa. Bayan wata biyu wani tsiro ya fito a gefen gangar. Sun dafa shinkafa sun raba a unguwa.

"Ladan shinkafar yana nan," in ji Ya'u. "Amma ni ba zan ba mai jego wannan ba. Kuma Hajiya Kulu daga ƙofa za ta ji ba ƙamshin miyarsu ba ne."

Saura kwana takwas jirgin Hajiya Kulu ya sauka. Nuf, wadda ta fi jin Hausa da faɗarta, ta kawo shawara rabi da Larabci: a je kasuwar Bab Makka a sayi busasshiya wajen matan da ke sayar da kuka da daddawa, a yi miya, a yi shiru.

"Ɗanya na ce mata," in ji Zakiya. "Sau uku. Tana ajiye jaka za ta ce ina itacen."

Ta ɗauki waya ta kira Gusau. Bayan gaisuwa da tambayar mai ciki, ta faɗi abin yadda yake: shekara goma sha biyar tana ba ciyawar magudana ruwa, tana kiranta shuwakar kaka.

Hajiya Kulu ta yi dariya har da tari.

"Hajiya, ai tun ranar na sa tawa a jaka. Wa zai je jego da alkawarin ganye? Ki dai nuna min ciyawar in na zo, mu gaisa."

Da ta kashe wayar, Ya'u ya tambaya ko ya tuge itacen ya tafi da shi, tunda motar tana waje.

"Yalla, maza ɗauki gilashinka kawai," in ji Zakiya. "A gidan nan aka haife shi."

Ta kwance jan zaren, ta sa a aljihu, ta ce wa Nuf daga yau kar wanda ya ƙara tsinke masa fure.